Ƙura Ba Ta Jin Sanarwa

A watan Afrilun 2025 labari ya fito cewa gubar dalma ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Bungudu, maƙwabciyar Gusau. Amsar da ta zo daga Abuja ba ta ba kowa mamaki ba. Ministan Ma'adinai, Dele Alake, ya umarci masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba da su tattara ya-nasu-ya-nasu su bar wuraren haƙa. Wata huɗu kafin nan, a Disambar 2024, shi wannan ministan ne ya sanar da ɗage haramcin haƙar ma'adinai da gwamnatin Buhari ta ƙaƙaba wa Zamfara tun Afrilun 2019. A hana, a ɗage, a sake kora. Haka ake ta tuƙa tuwo ɗaya a tukunya ɗaya, shekara 15 bayan da yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Duk waɗannan sanarwoyi mai haƙa suke kallo. Shi ake hanawa, shi ake yafewa, shi ake kora. Alhali kuwa ramin haƙa, da ke can cikin daji, bai taɓa kashe yaron da ke rarrafe a tsakar gidan uwarsa ba. Garin dutse ne ya kashe shi, dutsen da aka daka aka niƙa a bushe, garin ya tashi ya sauka inda dokokin halitta suka tsara masa. An san waɗannan dokoki tun fiye da ƙarni guda. Da su ake iya faɗin wace ƙura ce za ta faɗi a gindin injin, wacce za ta tsallake katanga, wacce kuma za ta shige can ƙuryar huhu. Gwamnatin da ta yi shekara 15 tana mu'amala da wannan annoba ba tare da ta mai da ƙurar kanta abin doka da awo ba, ta bar jaki tana dukan taiki.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF, waɗanda suke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka tarar da ƙauyukan da ƙananan yara ke mutuwa da amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Mutanen ƙauyukan sun ba da labarin cewa tun kafin nan agwagi sun fara ƙarewa, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Da masana na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka bi gida-gida a ƙauyuka biyu, sai suka ƙidaya yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Cikin waɗanda aka auna jininsu, kashi 97 cikin ɗari dalmar jikinsu ta kai matakin da dole a sa su a magani. Lambar da ta fi kowace bayyana musabbabin abin kuwa ita ce wannan: a kashi biyu cikin uku na gidajen da aka shiga, a cikin gida ake sarrafa dutsen zinaren. Da turmi da taɓarya, da injin niƙa irin na gero da dawa, a tsakar gidan da ake shanya hatsi, yara ke wasa.

Dutsen zinaren wannan yanki yana ɗauke da dalma mai yawan gaske, irin wadda ruwan cikin ɗan Adam ke narkarwa cikin sauƙi. Muddin dutsen yana dunƙule, dalmar a ɗaure take. Niƙa ce ke kwance ta.

Gantalin ƙwaya

Duk wanda ya zauna jarabawar WAEC a fannin kimiyya ya taɓa haddace ma'anar abin da ake kira rawar Brown, ya rubuta ta, ya ci makinsa, ya manta. Ya kamata a dawo da ita.

A shekarar 1827 wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan, Robert Brown, ya zuba garin fure a ruwa ya leƙa ta madubin da ke ƙara girman abu. Sai ya ga wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da suka fito daga cikin garin suna ta rawa, ba tsayawa, ba alƙibla. Da farko ya zaci rai gare su. Ya gwada da garin gilashi, ya gwada da garin duwatsu iri-iri, har da ɓarɓashin wani tsohon gunkin Masar, ya ga rawar ba ta canja ba. Wato tun daga ranar farko garin dutse yana cikin labarin. Brown ya rasu bai san dalili ba. Sai a 1905 Albert Einstein, yana ɗan shekara 26, ma'aikaci a ofishin rajistar ƙirƙire-ƙirƙire na birnin Bern, ya warware al'amarin da lissafi: ruwa da iska tarin ƙwayoyin zarra ne da ba sa hutawa, suna dukan ƙwayar ƙura ta kowane ɓangare, kuma a kowane ɗan lokaci dukan wani ɓangare yakan ɗan rinjayi na wani. A cikin iska, ƙwayar ƙura guda mai faɗin maikiron ɗaya tana shan irin wannan duka sau miliyoyin biliyoyi a daƙiƙa guda. Maikiron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin gashin kai yakan kai kamar maikiron 70. Bafaranshe Jean Perrin ya bi lissafin Einstein da awo tun daga 1908, ya tarar daidai ne, aka ba shi kyautar Nobel a 1926.

Abin da Einstein ya gano yana da sauƙin fahimta fiye da yadda ake tsorata ɗalibai da shi. A ɗauka an tsai da mutum a tsakiyar filin idi da kwabo a hannu. Kafin kowane taku sai ya jefa kwabon: in ya faɗi ta fuska ya taka gabas, in ya faɗi ta baya ya taka yamma. Bayan taku 100, ina yake? Babu mai iya faɗa. Amma in mutum dubu ne suka yi haka, ana iya faɗa da tabbaci cewa kusan kashi biyu cikin uku nasu ba su wuce taku 10 daga inda suka fara ba. Bayan taku 10,000, tazarar ta zama taku 100 kacal. Don mai gantali ya ninka nisansa sau biyu, sai ya ninka lokacinsa sau huɗu. Don ya ninka shi sau goma, sai ya ninka lokaci sau ɗari.

Darasi biyu ne a nan, kuma duka biyun na siyasa ne. Na farko, rashin tabbas game da ƙwaya ɗaya ba ya nufin rashin tabbas game da taron ƙwayoyi. Jami'in da ya ɗaga kafaɗa ya ce ai ƙura ce, wa ya san inda za ta, ya faɗi gaskiya game da ƙwaya guda, ya kuma yi kuskure game da buhu guda. Makomar garin buhun dutse abin lissafi ce, kamar yadda kamfanin inshora bai san wace mota za ta yi haɗari gobe ba amma ya san nawa za su yi a shekara. Na biyu, gantali shi kaɗai malalaci ne. Ƙwaya mai maikiron ɗaya, in aka bar ta da rawar Brown kawai a ɗakin da iska ba ta motsi, za ta shafe awa guda ba ta yi nisan rabin milimita ba. Saboda haka duk ƙurar da aka tarar a ɗakin kwanan yaro, wani abu ne ya kai ta. Akwai mai turi.

Abin da mai shiƙa ta sani

Masana suna kiran wannan yanayi da tsarin da ake korawa: ƙwayoyi na gantalinsu, amma wani ƙarfi daga waje yana tura su duka zuwa fuska ɗaya. Nisan turi yana ƙaruwa kai-tsaye da lokaci, awa biyu ninkin awa ɗaya, shi kuwa nisan gantali yana jan ƙafa kamar yadda aka gani. Don haka komai daren daɗewa turi ke yanke hukuncin inda taron zai nufa, gantali kuma ya yanke hukuncin yadda zai bazu a hanya.

Babu matar ƙauye a Tsafe ko Kwatarkwashi da ke bukatar a koya mata wannan. Idan ta sussuke gero ta fita bayan gari da faifai, takan tsaya ta juya wa iska gefe, ta ɗaga hannu ta zubo. Ƙarfi biyu take haɗawa, nauyi mai ja ƙasa da iska mai turawa gefe. Tsaba ta faɗi a gabanta, ƙaiƙayi ya sauka can gaba, ƙura kuwa ta wuce ba a ma ga inda ta tafi ba. Tana kuma lura da inda iska ta dosa don kada ƙaiƙayi ya shiga idon maƙwabta. Injin niƙan dutse a bushe shiƙa yake yi dare da rana, sai dai babu mai kula da inda iska ta dosa, kuma abin da ake shiƙewar guba ne.

George Stokes ne ya ba wannan sani lamba a 1851. Ya nuna cewa saurin faɗuwar ƙaramar ƙwaya a cikin iska yana bin faɗinta ne sau kansa: in faɗi ya ragu sau goma, saurin faɗuwa ya ragu sau ɗari. A ɗauki garin dutse da aka sake daga tsayin mita biyu a iska mai natsuwa. Ƙwaya mai maikiron 100 za ta taɓa ƙasa cikin 'yan daƙiƙoƙi. Mai maikiron 10 za ta ɗauki kamar minti huɗu. Mai maikiron ɗaya kuwa sai ta shafe kusan awa shida tana lilo. Ƙwayoyin da dalma ta yi wa yawa sun fi nauyi, suna saurin sauka fiye da haka, amma ko su awoyi suke ɗauka in sun yi laushi sosai. Yanzu a sa iska mai gudun mita uku a daƙiƙa, wadda ba ta fi ta kaɗa ganyen darbejiya ba. Cikin minti huɗu ta yi tafiyar mita ɗari bakwai, faɗin ƙauye guda ke nan. Cikin awa shida ta yi kilomita 65, fiye da nisan Gusau zuwa Tsafe.

Wanda yake ganin an yi zuzutawa, ya dubi sama a watan Janairu. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe Gusau da hunturu daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki da iska ke ratsawa ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi. Nisan ya haura kilomita dubu, kuma wani ɓangare na wannan ƙura ba ya tsayawa sai ya ƙetare tekun Atlantika ya sauka a Kudancin Amurka.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi cewa ƙurar da ta yi nisa takan tsinke, ta yi rauni. Iska ba ta tafiya a miƙe kamar zare. Cike take da 'yan guguwoyi manya da ƙanana, waɗanda ke jefa ƙura sama da ƙasa, dama da hagu. Wannan ma gantali ne, amma mai manyan taku, kuma shi ya sa hayaƙin gidan burodi ke fita siriri daga bututu sannan ya buɗe kamar mazurari. Mutumin Tudun Wada a Gusau ba zai kwanta asibiti saboda injin da ke aiki a wani ƙauye mai nisa ba. Bala'in yana kusa da injin, cikin mitocin farko, inda mafi yawan nauyin garin ke zuba. A wasu wuraren sarrafa dutse na 2010 an auna dalmar ƙasa ta haura kashi 100,000 cikin miliyan, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar dalma ce tsantsa, a lokacin da iyakar da Amurka ta amince da ita a filin wasan yara ita ce 400 cikin miliyan.

Kuma ƙurar da ta sauka ba ta gama tafiya ba. Ralph Bagnold, wani hafsan sojan Ingila da ya yi shekaru yana nazarin rairayin hamadar Libiya, ya nuna cewa lallausan gari da ya kwanta a ƙasa ba ya tashi da sauƙi da iska kaɗai, sai wani abu ya tunzura shi: yashi mai tsalle-tsalle da ke faɗa masa, ko kofato, ko taya. A tsakar gida wannan aiki na tsintsiya ne da ƙafafun yara da fiffiken kaji. Matar da ta tashi da asuba ta share gidanta fes, tana neman tsabta, ita ce ke sake miƙa wa iska gubar jiya. Tufafin mai niƙa na kai ta ɗaki. Buhun da aka zuba dutse a ciki, gobe a zuba masa masara. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa hatsin waɗannan ƙauyuka ya fi gurɓata bayan girbi, wajen sussuka da shanya da daka, fiye da yadda ya gurɓata a gona.

Daga nan sai jiki. Manyan ƙwayoyi suna maƙalewa a hanci da maƙogwaro, a haɗiye su da majina, su isa ciki, wanda ga dalma hakan ba tsira ba ce. Waɗanda suka gaza maikiron biyu da rabi suna wucewa can cikin huhu. Mafi ƙanƙanta duka, a nan ne rawar Brown ke yin aikinta na gaske: a cikin 'yan jakunkunan huhu tazara ƙarama ce ƙwarai, gantalin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya isa ya kai ƙwaya ga bango ta manne. Rawani ko ƙyallen da mai niƙa ke naɗewa a fuska yana tare abin da ido ke gani, ya bar wanda ba a gani. Shi kuwa yaro hanyarsa ta fi gajarta, daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jikin ƙaramin yaro yana tsotsar dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, kuma babu wani mataki na dalma a jini da aka sani marar illa.

Kuɗin tsince abin da aka watsar

Akwai wata ƙa'ida da ke biye da gantali kamar inuwa: bazuwa kyauta ce, tattarawa ce ke da tsada. Wanda ya zubar da mudun gishiri a rairayi ya san haka. Zamfara ta riga ta biya wannan kuɗi sau ɗaya. An fara da Dareta da 'Yargalma a 2010, ana kankare saman ƙasar gidaje da hannu, kamar santimita biyar, a kwashe a binne a rami, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa. Dole ne a yi haka kafin a ba yaro magani, domin maganin da ke zuƙe dalma daga jini ba shi da amfani ga wanda zai koma ya zauna a kan gubar. Kafin a gama, an kwashe ƙasa da tarkace fiye da mita 27,000 na murabba'in zurfi daga gidaje 820 da wuraren sarrafa dutse a ƙauyuka takwas. Bagega, wadda ta fi su duka girma, ita ta zo ƙarshe. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira miliyan 850 a watan Mayun 2012, kuɗin ba su fara fita ba sai farkon 2013, bayan matasa sun cika intanet da kururuwar a ceci Bagega. Duk tsawon waɗannan watanni yaran garin suna rarrafe a kan ƙasar da kowa ya san abin da ke cikinta. Sannan a 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara 28.

A kwatanta wannan da kuɗin hana ƙurar tashi tun farko. Ruwa yana manne ƙananan ƙwayoyi da juna su zama dunƙule, kuma bisa ƙa'idar Stokes dunƙulen da ya ninka faɗi sau goma zai faɗi da sauri ninki ɗari. Abin da zai yi awa shida a sama sai ya sauka cikin mintoci, a gindin injin. An gwada wannan a wuraren ƙananan masu haƙa a arewacin Najeriya, ta hanyar sa bututun feshin ruwa a bakin injinan niƙa, aka wallafa sakamakon a 2019: dalmar da ke cikin iskar da ma'aikata ke shaƙa ta ragu da kashi 95 cikin ɗari, ƙurar dutse mai cin huhu ta ragu da kashi 80. Kayan aikin tanki ne da famfo da tiyo da bakin feshi. A shekarar da aka wallafa wannan sakamako, a shekarar ce aka haramta haƙar ma'adinai a Zamfara ɗungurungum.

Masu kare haramcin za su ce, kuma da gaskiyarsu, don tsaro aka yi shi, don a yanke wa 'yan bindiga hanyar kuɗi. Ko ya yi wannan aiki ko bai yi ba, mutanen Tsafe da Maru da Anka sun fi kowa sanin amsa. Amma doka tana da sakamakon da ba a nufa ba. Abin da ke kora mutane zuwa rami farashin zinare ne da talaucin gona. Oza ɗaya ba ta kai dala 300 ba a 2001. A 2010 ta haura 1,200. A watan Maris na 2025 ta tsallake 3,000. Mutane ba ƙwayoyin ƙura ba ne, suna da hankali da zaɓi, kuma wannan hankalin ne ma ke sa su zagaye shinge da sauri fiye da kowace ƙwaya. Idan turi yana ƙaruwa aka gitta katanga, kwarara ba ta tsayawa, hanya take sakewa. Aikin da aka haramta yakan koma inda ido ba ya kai, kuma a ƙasar Hausa babu wurin da ido ba ya kai kamar cikin gida, inda baƙon namiji ba ya wuce zaure. Yakan kuma koma dare. Kimiyyar ƙura kuwa ta nuna waɗannan su ne mafi munin wuri da mafi munin lokaci. Katanga tana kashe iska, garin ya zube a inda ake girki. Da dare, musamman da hunturu, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasa ta ƙi gauraya da ta sama, ƙura ta tsaya daidai tsayin hanci. Shi ya sa hayaƙin murhu ke shimfiɗa a kan gari da sassafe maimakon ya tashi. Ga kuma matsala ta hukuma: jami'in lafiyar muhalli ba zai je ya koya wa mutum yadda zai jiƙa dutsensa ba alhali a takarda wannan dutse babu shi.

Za a ce ruwa na wuya a karkara da rani. Haka ne. Sai dai mai neman zinare ba ya rabuwa da ruwa, domin bayan niƙa dole ya wanke garin kafin ya kama zinaren da zaiba. Ruwan yana cikin sana'ar tun asali, magana ce ta a gabatar da shi kafin ƙura ta tashi. Za a ce laka mai dalma in ta bushe ƙura za ta koma. Wannan ma gaskiya ne, kuma shi ya sa wurin niƙa ke bukatar rami da za a tara lakar a rufe, nesa da rijiya da mashayar dabbobi, da wurin wanka da sauya tufa kafin mutum ya koma ga iyalinsa. Za a ce jami'ai ba sa iya shiga daji saboda 'yan bindiga. Amma ramin ne ke daji. Injin yana bukatar man fetur da makaniki da mai saye, saboda haka ya fi ramin kusa da hanya, kuma shi ne inda dutse ke zama guba. Hukumar da ba ta iya tsare ramuka ɗari tana iya yi wa injina rajista, ta keɓe musu fili a wajen gari ta ɓangaren da iskar hunturu ke ficewa, ta ce duk injin da aka kama yana niƙan dutse a bushe ko a cikin unguwa za a kwashe shi. Sarakunan yankin sun taɓa yin makamancin haka a 2010, suka sa aka fitar da sarrafa dutse daga cikin ƙauyuka, kuma mutane sun ji, domin sun ga kaburbura.

Akwai kuma masu rufe zancen da cewa haka Allah ya ƙaddara. Mumini ba ya musun ƙaddara, amma kuma ba a san shi da barin rijiya a buɗe a gidan da yara ke rarrafe ba.

Laifin da ya rage na 'yan boko ne, kuma ba ƙarami ba ne. Jihar tana da Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, da jami'ar jiha a Talata Mafara, da kwalejojin kimiyya da fasaha a Ƙaura Namoda da Mafara. Tana da likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da 'yan jarida waɗanda ke iya kwana suna muhawara a Facebook kan wa ke da hannu a cinikin zinare, wane jirgi ya sauka a wane daji. Tambayoyi ne masu muhimmanci, amma ba su taɓa rage dalmar jinin yaro ko ɗaya ba. Tambayoyin da ke ragewa ba su da armashi: injina nawa ne ke niƙan dutse a ƙaramar hukumar Bungudu, mita nawa ne tsakanin kowanne da gida mafi kusa, nawa ne ke da feshi, kuma nawa ne awon dalmar ƙasa a tsakar gidajen da ke kewaye da su? Na'urar da aka yi aiki da ita a Dareta da Bagega ta hannu ce, ana ɗora ta a ƙasa ta ba da lamba nan take. Kwamishinan da ya ce an shawo kan lamarin, a nemi ya kawo waɗannan lambobi, ƙauye-ƙauye, da kwanan watan da aka auna, a manna su a ƙofar sakatariya da fadar hakimi. Ɗan majalisar da ya je jaje da buhunan shinkafa, a tambaye shi tankuna nawa ya sa a kasafi.

MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin Zamfara a 2022, bayan kusan shekara 12. Yaran da suka tsira daga 2010 yanzu samari ne da 'yan mata, kuma illar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwar da ke tsiro ba ta warkewa da magani. Dalma ba ta ruɓewa, rana ba ta ƙone ta, damina ba ta yi mata komai illa ta gangarar da ita zuwa kududdufi. Duk garin da ya zuba a wani gida a Bungudu kafin umarnin minista, in ba an kankare an binne ba, yana nan a 'yan santimitocin saman ƙasa. Ƙasar za ta bushe a watan Oktoba, iskar gabas ta taso a Nuwamba, jariran da aka haifa a farkon shekara kuma a lokacin ne suke fara rarrafe.